Yadda na zana wa wasan dara fuska a kantin Google Play

Sana'ata zane a kwamfuta. Shagona yana nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, kuma aikin da ya fi shigo mini shi ne katin ɗaurin aure, kalandar Sallah, fostar walimar sauka, sai lokacin siyasa da aiki ke yi mana yawa. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san abin da mai kawo aiki yake so: a cika masa takarda. Hoton ango, sunayen iyaye, furanni a kowace kusurwa, ruwan gwal a gefe. In ya hango fili fari, sai ya ce kuɗinsa ba su yi aiki ba. Da wannan sabon a hannuna ƙanina ya kawo mini wani aiki da ƙa'idarsa ta saɓa wa duk abin da na saba.

Shi kimiyyar kwamfuta ya karanta, kuma ya haɗa wasan dara na wayar Android. Darar nan tamu ta ƙasa: gurabe 30, layi biyar kowanne da gurbi shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, in ka jera uku a layi ka ɗauke wa abokin karawarka ɗa guda. Wasan ya yi daɗi, kana iya bugawa da waya ko da abokinka, kuma ba ya cin data. Ya riga ya biya dala 25 ɗin da Google ke karɓa sau ɗaya kafin a buɗe wa mutum asusun ɗora manhaja. Sai ya zo shago ya ce, "Yaya, ni na gama nawa. Saura fuskar wasan, kuma kai za ka yi mana."

Abin da kantin ke nema a rubuce yake, babu ɓoye-ɓoye. Akwai tambari, wato ɗan hoton da ke wakiltar wasan a kantin, mai kusurwa huɗu, fiksel (ɗigon da ake auna hoton allo da shi) 512 tsawo 512 faɗi, a fayil ɗin PNG wanda nauyinsa bai wuce kilobayit 1024 ba. Akwai shimfiɗaɗɗen hoton kan shafi, faɗi 1024 tsawo 500. Sai hotunan cikin wasan, aƙalla biyu, iyaka takwas. Wannan duk awo ne, yaron shago ma zai iya saita shi. Inda aikin yake shi ne wani abu da awon ba ya gaya maka: tambarin nan da kake zanawa ya cika allon kwamfutarka, a wayar mai nema da ƙyar zai kai girman farcen babban yatsa, kuma ba shi kaɗai zai fito ba. Sama da shi wani wasan, ƙasa da shi wani, mutum kuma yana jan allo da yatsa, ba tsayawa yake yi ba.

Ƙanina ya zo da burinsa. Yana son hasumiyar Gobarau don a san daga Katsina wasan ya fito, yana son dagin Arewa, yana son allon dara cikakke, sannan sunan wasan da manyan haruffa. Ban yi musu da shi ba, na zana masa yadda ya faɗa, kuma a babban allo ya yi kyau ƙwarai. Daga nan na ɗauki wayata, na shiga kantin, na nemi wasannin allo irin su ludo da dara ta Turawa, na ɗauki hoton jerin da ya fito. Na kai hoton kwamfuta, na rage namu zuwa fiksel 48, na manna shi a tsakiyar jerin, na mayar waya na miƙa masa. Ya daɗe yana dubawa. Hasumiya ta koma wani ɗan tsinke, dagi ya dunƙule, gurabe 30 sun zama ƙura. Tun daga ranar wannan jerin ya zama ma'auninmu. Duk abin da na zana, sai ya shiga cikinsa kafin mu ce komai a kansa.

A nan na fahimci wahalar da dara ke da ita ta musamman. Ludo na da launuka huɗu da kowa ya sani. Darar Turawa na da kan doki, ko daga nesa ka gan shi ka gane. Tamu fa? Ramuka ne a ƙasa, ruwan ƙasa a kan ruwan ƙasa, da 'yan karare da tsakuwa. Wanda ya tashi yana ganinta ya san ta, amma ba ta da wata alama guda da ido zai cafke nan take. Dole sai mun nemo mata.

Ban nemo ta a intanet ba, wajen masu bugawa na tafi. Akwai dattawa da ke zama gindin wata darbejiya a unguwarmu bayan la'asar, guraben nasu sun daɗe a wurin har bakinsu ya yi sumul. Na gaishe su, na tsuguna, na bari aka gama zagayen da ake yi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi su zafin hannu a wasan, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Ɗana, in hoton dara kake so, bar ɗaukar ramuka. Ramuka ko akuya ta taka ƙasa ta yi su. Ɗauki lokacin ci." Ya share gefe guda, ya kafa kara biyu a jere, ya ɗauki na uku daga gurbin da ke kusa, ya riƙe shi da yatsa biyu a saman gurbin da zai cika layin, bai saka ba. Na ga yadda abokin karawarsa ya zuba wa hannun nan ido, ko da yake ya san ba wasan gaske ake ba. Na ce, "Baba, ka yarda in ɗauki hannunka haka?" Ya ce in ɗauka. Na ɗauka ta sama, na ɗauka ta gefe, hannun rigarsa fari, da zoben azurfa a yatsa.

Abin da ya ba ni ya fi hoto. Tambari ba ya bukatar ya nuna wasan gaba ɗaya, abin da ake so ya nuna shi ne daɗin wasan, kuma daɗin dara yana cikin wannan ɗan tsakanin, kara na sama, gurbi na jira. Daga gurabe 30 na koma tara, uku sau uku, sannan na ƙara matsowa har na gefe suka fara fita daga hoton, layin tsakiya kaɗai ya rage cikakke.

Akwai wani abu da duk mai zane zai so ya yi a nan, kuma da ya ɓata aikin. Hoto mai kusurwa huɗu ya fi rai idan abin da ke cikinsa ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, don haka hannu zai so ya jera 'ya'yan uku a karkace. To a dara jerin karkace ba ci ba ne. Layi sai dai a miƙe ko a kwance, tafiya ma haka, gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe. Ɗan dara na ganin uku a karkace zai san wanda ya yi abin nan bai san wasan ba, kuma mutanen da muka fi so su sauke shi su ne za su fara ganewa. Dabarar da na yi ita ce na juya filin wasan kansa, ya ɗan kwanta, sai layin ya ratsa hoton a karkace alhali a kan fili miƙaƙƙen layi ne na halal. Ido ya samu abin da yake so, ƙa'idar wasa kuma ba a taɓa ta ba.

Hoton hannun ban sa shi yadda yake ba. Hoton kyamara yana da ƙananan abubuwa da yawa, jijiya, tamoji, ƙwayar rairayi, in an rage shi duk su cakuɗe. Na bi shi da layi a manhajar zane ta CorelDRAW, na rage yatsu zuwa siffa mai sauƙi, babban yatsa da manuni su ne a gaba, sauran a naɗe. Zoben na bar shi, ɗigon haske guda ne amma yana jan ido zuwa inda karan yake. Wata shawara ga abokan sana'a masu aikin buga takarda: kafin ka fara, ka mayar da tsarin launin fayil ɗinka daga CMYK zuwa RGB. Na farkon na injin bugawa ne, na biyun na allo, kuma shuɗin da ka zaɓa a tsarin takarda in ya hau waya a mace yake fitowa.

Launi ya ɗauke ni lokaci fiye da zanen kansa. Na so in riƙe ƙasa a matsayin ƙasa, don ita ce asalin wasan, amma sai da na haskaka ta ta koma wajen ruwan ɗorawa. Bayanta na sa shuni mai duhu, irin na rawanin da ya sha bugu. Shuni da ɗorawa suna ture juna, kowanne na fito da ɗan'uwansa. Matsalar ta zo wajen fata. Hannun Bahaushe a kan shuni mai duhu ɓacewa yake yi idan hoto ya ƙanƙance. Mafita mai sauƙi ita ce a haskaka fatar, kuma wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Hannun da ke buga dara a Katsina shi nake so a gani, da launinsa. Sai na sauke hannun ya hau kan ƙasa mai haske, na bar farin hannun riga ya shiga cikin shunin, na zagaye yatsun da siririn haske ta gefen da rana ke bugowa. Kowane abu mai duhu ya zauna a kan mai haske, kowane mai haske a kan mai duhu.

Gwajin da na fi yarda da shi a nan shi ne cire launi gaba ɗaya, hoton ya koma baƙi da fari. In har yanzu kana gane hannu, kara da gurbi, to ginin ya tsayu. In sun haɗe sun zama toka ɗaya, launi ne kawai ke rufa maka asiri, kuma zai tona shi a wayar da aka rage wa haske don tattalin caji. Akwai kuma maza da dama da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai. A wannan kam magabata sun riga sun yi mana aikin: ɗan wasa ɗaya da kara, ɗaya da tsakuwa, siffarsu ta bambanta su tun kafin a zo ga launi. Haka na bar su, dogo da dunƙulalle.

Sai ƙa'idojin gefe. Google na so ka ba su hoton a cike, ba ka lanƙwasa kusurwa ba, ba ka sa masa inuwa a waje ba, su ne za su yanke kusurwoyin su sa inuwar. Tambarin da ke zama a kan wayar mutum bayan ya sauke wasan kuma daban yake. Tun Android 8, wanda ya fito a 2017, ana ba da shi hawa biyu, gaba da baya, a fili mai awo 108, amma da'irar tsakiya mai faɗin 66 ce kaɗai aka tabbatar ba za a yanke ba, domin wata wayar da'ira take yankawa, wata kusurwa huɗu mai lanƙwasa. Don haka kan kara, yatsu biyu da gurbin da ake nufi duk na tura su cikin da'irar nan. Na kuma gwada tambarin a kan fari da kan baƙi, tun da wasu kantin nasu a yanayin duhu yake buɗewa.

Suna a cikin tambari mun cire shi. Kantin da kansa yana rubuta sunan a gefe, maimaita shi cin fili ne. Ƙanina ya so a liƙa "kyauta" a kusurwa, amma tun 2021 Google ta hana sa maganar farashi ko da'awar matsayi, irin su "na ɗaya", a tambari da sunan manhaja, ta kuma taƙaita sunan zuwa harafi 30.

Mun yi doguwar muhawara a kan fuska. Duk mai shiga kantin ya san yadda wasannin yaƙi ke sa fuskar wani jarumi ya wage baki yana ihu. Ƙanina ya ce tun da kowa na yi, akwai dalili. Na yarda akwai, ido na saurin zuwa ga fuska. Amma a wasanmu babu jarumi, babu yaƙi. Wanda ya sauke don ya ga mai ihu, ya buɗe ya tarar da ramuka da karare, zai goge, wataƙila ya bar mana tauraro ɗaya kafin ya tafi. Na ce da shi, "Ƙanena, gara mutum goma da suka san abin da suka zo nema da ɗari da aka yaudaro." Ya kuma kawo mini wasu hotuna da ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana. Sheƙi kam akwai, sai dai abin da ta zana allon katako ne mai layi biyu na ramuka shida-shida, wato ayo na Yarabawa, wani wasa daban da ƙa'ida daban. Na ajiye su gefe.

Da na samu nau'i uku da nake ganin za su iya, sai na fita da su. A Google Play, sabon asusu na mutum ɗaya, wanda aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023, ba ya sakin manhaja ga jama'a sai an yi gwajin cikin gida na kwana 14. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Waɗannan masu gwajin 'yan'uwa ne da abokai, sun riga sun san wasan, don haka idonsu ba zai gaya mini gaskiyar da nake nema ba. Na tafi shagon wani mai cajin waya a bakin kasuwa, inda ake ajiye Tecno da Itel da Infinix iri-iri, wasu gilashinsu a tsage, wasu ledar kariyar ta yi hazo. Na roƙi masu zuwa karɓar waya su bari in tura musu hoton jerin nan, su duba a tasu wayar, a waje, cikin rana.

Ban tambayi kowa ko ya yi kyau ba. Mutanenmu na da kara, wanda ka nuna wa aikin hannunka ba zai ce maka bai yi ba. Abin da nake yi, in bar mutum ya kalla na ɗan lokaci kaɗan, in sa ya kife wayar, sannan in ce, "Malam, na tsakiyar nan, wane irin wasa ne?" Nau'in da ke da gurabe kawai ba hannu, wani matashi ya ce mini kiret ɗin ƙwai ne, wani ya ce maɓallan riga. Nau'in da ke da hannu, manya suna gani suke cewa dara. Wani yaro da bai san sunanta ba ya ce, "Wannan da tsofaffi ke yi a ƙasa." Wannan amsar ta ishe ni. Na uku, wanda na ƙara wa dagi a bango, an gane shi amma ana ɗan jinkiri, ido na tsayawa a dagin kafin ya sauko. Na cire dagin.

Shimfiɗaɗɗen hoton kan shafi ya ba ni damar numfasawa. A nan filin dara ya fito cikakke, kuma sai da na koma gindin darbejiya aka jera mini 'ya'yan yadda wasa na gaske zai iya kaiwa, babu huɗu a layi, babu jerin da ba zai yiwu ba. A nan ne kuma Gobarau ta samu wuri, can baya, inuwa kawai cikin shuni, wanda ya san ta zai gane ta, wanda bai sani ba ba za ta dame shi ba. Suna na gefe guda da manyan haruffa masu kauri. Tsakiya na bar ta ba wani abu mai muhimmanci, domin idan aka haɗa bidiyo, alamar kunnawa a nan take zama. Wannan hoton kuma ba ya karɓar bango mai shara-shara, dole a cike shi.

Rubutun Hausa na da nasa tarko. Yawancin kyawawan salon haruffan da muke amfani da su a fosta ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Kana rubuta "ƙalubalanci abokinka", sai harafin farko ya fito da wani salo daban ko ya zama akwati. Na ga masu rubuta k da d kawai su wuce, ni kuwa ina ganin wasan da ke tallar abin gida bai kamata ya karya rubutun gida ba. Salon haruffa na Noto Sans yana da su duka, kyauta ne, kuma mai kaurinsa na karantuwa ko a ƙarami. Da shi na rubuta gajerun bayanan da ke kan hotunan cikin wasan, kalma uku ko huɗu kowanne. Hotunan na wasan gaske ne, ba ƙari. Mun yi su a tsaye, 1080 da 1920, domin Google na neman aƙalla uku masu wannan girman, ko kwatankwacinsu a kwance, kafin wasa ya cancanci shiga manyan wuraren da take tallata wasanni. Na farko lokacin ci, na biyu mutum biyu a waya ɗaya, na uku bayanin cewa ba a bukatar data.

Bayan wasan ya hau, akwai wurin gwaji a cikin Play Console, shafin da mai manhaja ke kula da abin da ya ɗora, inda za ka sa tambarin da kake da shi ya kara da wasu har uku, kantin ya raba masu ziyara, ya nuna maka wanda aka fi saukewa ta dalilinsa. Mun kunna shi tsakanin bangon shuni da wani ja mai duhu. Ga sabon wasa da masu ziyararsa ba su da yawa, sakamako a hankali yake taruwa, kuma bai kamata a yanke hukunci da kwana biyu ba, tun da masu shiga ranar aiki da na ƙarshen mako ba ɗaya ba ne. Abu ɗaya kawai muka canza tsakanin biyun, launin bango, don in an samu bambanci mu san daga ina ya fito.

Yanzu ƙanina na shirya na kwamfuta. Ya fara sa shi a itch.io, wani shafin ɗora wasanni, inda ba a biyan komai, murfinsu kuma 630 da 500 ne. Burinsa Steam, babban kantin wasannin kwamfuta, wanda ke karɓar dala 100 kan kowane wasa, kuma can aikin zanen ya fi yawa. Akwai na kan shafi 920 da 430, akwai ƙarami 462 da 174 wanda ake ƙara rage shi a jerin bincike, akwai na tsaye 600 da 900 na ɗakin ajiyar mai wasa. A can, saɓanin Google Play, suna dole ya shiga cikin hoton, a ƙaramin ma shi ne zai kusan cinye filin. Tun Satumban 2022 kamfanin Valve, mai Steam, ya hana sa makin masu sharhi, lambobin yabo ko tallar rangwame a kan waɗannan hotuna. Zanen wasa da sunansa kawai. Saboda na ajiye hannu, fili, bango da suna kowanne a hawansa daban a fayil ɗin asali, ba sabon zane nake yi ba, sake jera su nake yi. Na tsayen shi ne ke ba ni aiki a wannan makon: hannun zai sauko daga sama, filin ya kwanta a ƙasa, sunan kuma ina neman masa wuri tsakaninsu inda ba zai rufe gurbin da karan ke shirin shiga ba.